Ariyas ɗin Ba Kyari

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na tsaya a barandar benen ofishinmu ina kallon Ya Fanna tana jan mijinta zuwa wurina ba, alhali mijin ya yi watanni a kabari. Na san halinku ku yaran yanzu, kun fara murmushi ke nan kuna cewa tsufa ya kama Malam Nasiru. To ku yi abinku. Ni ma can ba na cikin masu sayen labarin fatalwa, kuma har yanzu ban ce muku na ga fatalwa ba. Abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji zan faɗa muku, ku sai ku sa masa sunan da kuka ga dama.

Wanda bai san aikinmu ba, bari in yi masa bayani a taƙaice. Sashenmu shi ke kula da ma'aikacin gwamnati da ya naƙasa a bakin aiki, kamar wanda inji ya cinye wa hannu ko wanda ya faɗo daga turken lantarki. Likitoci su duba shi su rubuta, a sallame shi daga aiki, a yanka masa wani abu da za a riƙa ba shi duk wata har ƙarshen ransa. Idan watanni suka wuce ba a biya ba, abin da ya taru shi muke kira ariyas. A lokacin ni ne babban akawu mai zama a taga, wato ni ne fuskar da ake gani kuma ni ake zagi. Sama da ni akwai shugaban sashe, Alhaji Grema, sama da shi kuma darakta, wanda sa hannunsa kawai muka sani.

Mijin Ya Fanna, Ba Kyari, yana cikin masu feshin tsuntsun jan-baki a gonakin arewacin jihar nan. Wata rana tiyon magani ya fashe masa a fuska, idanun biyu duka suka tafi. An biya shi na wasu shekaru lafiya lau. Da aka zo mayar da sunaye cikin kwamfuta, sai sunansa ya faɗi tsakanin takarda da na'ura, biya ya tsaya cak. Fayil ɗinsa ya hau sama ya sauko, ya tafi wurin akanta ya dawo, shekaru na tafiya ariyas na taruwa, shi kuwa ko sisi bai gani ba.

Duk Talata suke zuwa daga unguwar Gomari, shi da matarsa Ya Fanna. Ita ce jagorarsa. Doguwar sanda ce ta gora, tana riƙe da bakin gaba ta bayanta, shi yana riƙe da na baya. Idan sun iso kwalbatin ƙofar ofis sai ta tsaya ta ce, "Taka." Ta jira ya ɗaga ƙafa, sannan su wuce. Shi mutum ne mai barkwanci, da ya iso taga zai ce, "Ina Afuno? Yau ma ka cinye kuɗin nawa ko ka rage min?" Afuno shi ne sunan da Kanuri ke kiran Bahaushe, kuma ko da yake a unguwar Hausari ta garin nan aka yanke min cibiya, a wurin Ba Kyari ni baƙo ne daga Kano har abada. Ni kuma in gaishe shi da yarensu, in ce masa, "Wushe, Ba Kyari." Ya amsa da, "Kalewa," wato lafiya lau.

A wannan tagar ya gaya min abin da ke cin ransa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kun san a nan da zinari ake biyan sadaki. Lokacin da abin ya same shi, Ya Fanna ta kwance zinaren sadakinta da ta ɓoye tun tana amarya, ta sayar, ta kai shi asibitin ido a Kano. Kuɗi ya ƙare, ido bai dawo ba. Tun daga nan Ba Kyari ya ɗora wa kansa cewa bashi ne, ya rantse ranar da ariyas ya fito zinaren zai fara mayar mata.

"Malam, namijin da ya cinye sadakin matarsa, aurensa a kan bashi yake zaune," in ji shi.

Ya Fanna ta ce daga gefe, "Na ce na yafe. Kullum sai na ce na yafe."

Sai ya buga sandar a ƙasa ya ce, "Ban karɓa ba. Afuno, ka shaida, ban karɓa ba."

Ni dariya nake yi, ina ɗaukar abin faɗan tsofaffi ne irin na mata da miji da suka daɗe tare.

Daga baya ƙafafunsa suka fara kumbura, matakalar baranda ta fara gagararsa. Sai ta riƙa zaunar da shi a bencin da ke ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, cikin sauran tsofaffin da ke jiran layi, ita ta taho taga ita kaɗai ta tambaya ko ya fito. Daga inda nake zaune ba na hangen bencin, katangar ɗakin masu gadi ta tare shi. Don haka nakan ɗaga murya in ce, "Wushe, Ba Kyari!" Sai in ji amsa daga can ƙarƙashin bishiya, "Kalewa." Haka muka yi ta yi har damina ta shigo ta yi nisa.

Akwai abokin aikina Ishaku, mutumin kudancin jihar, wanda shi ma a Gomari yake haya. An tura shi kwas ya yi watanni, bai dawo ba sai da kaka ta gabato. Ranar da ya dawo yana jera fayiloli a teburinsa, ya ci karo da na Ba Kyari, sai ya ce, "Allah sarki, ba ku rufe wannan ba har yanzu?"

Na ce a kan me za mu rufe.

Ya dube ni ya ce, "Ai ya rasu tun farkon damina, kafin in tafi. Layinmu ɗaya. Har gaisuwa na je, na zauna a tabarma da Bulama, mai unguwarmu."

Na ce masa wani Kyarin dai yake nufi, domin wannan ko Talatar da ta wuce mun gaisa. Ishaku ya tambaye ni ko na gan shi da idona. Na buɗe baki zan ce e, sai na tsaya. Na lalubi kaina, na koma baya mako bayan mako, na rasa ranar ƙarshe da na ga fuskarsa. Murya kawai nake ji. Tsofaffi ne cike da bencin nan, mafi yawansu Kanuri, kowa a cikinsu na iya jin gaisuwa ya amsa. Haka na gaya wa kaina, kuma haka nake gaya wa kaina har yau. Amma ni na san muryar Ba Kyari, tana da wata 'yar kakkarwa a ƙarshe, kuma ita na riƙa ji.

Talata na zagayowa na bar taga a hannun Ishaku na hau bene. Hantsi ne, rana tarwai, babu wani duhu da zan ce ya ruɗe ni. Na hango ta ta sauka daga keke mai ƙafa uku can bakin titi, ta juya ta tsaya kamar mai jiran wani ya sauko. Sannan ta taho a hankali, hannunta na dama a baya, riƙe da bakin sandar. Babu kowa a ɗaya bakin. Amma sandar a miƙe take sambal, ba ta jan ƙasa, ba ta rawa. Ku gwada ɗaukar doguwar gora ta baki ɗaya ku yi tafiya da ita a bayanku, ku ga ko wuyan hannunku zai kai ku ƙofar can. Da ta iso kwalbati ta tsaya. Daga sama ba na jin magana, amma na ga bakinta ya motsa. Ta jira daidai yadda take jira, sannan ta wuce.

A benci tsofaffin nan suka matsa, suka bar wurin mutum biyu. Ta jingine sandar, ta gyara wurin da hannu, ta ɗan sunkuya ta yi magana. Benci a cike, wasu ma a tsaye, amma babu wanda ya zauna a gurbin nan. Daga baya na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, ya ce shi dai ya ga ana bari ne shi ma yake bari, ya kau da kai.

Na sauko na same ta kafin ta iso taga, na ce ta zo mu zauna a ofishin ciki. Na ba ta ruwa. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Ya Fanna, ashe haƙuri muka yi, ba ki gaya min ba."

Ba ta musa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kofin ta ce, "Yanzu shi ke nan, za ku goge shi?"

Na tambaye ta wa ya ce mata haka. Ta ce tun ranar zaman makoki mata ke faɗa mata kada ta kuskura ofis su ji, domin da sun ji za su goge sunan, kuɗin ya koma aljihun gwamnati, matacce ba ya bin gwamnati bashi. Shi ya sa ko takaba ba ta hana ta zuwa ba.

Na ce, "To ko da ya fito, ai sai ya danna yatsa da kansa. Yaya za ki yi ranar?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malam. Ni dai kawo shi nake yi." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ba kuɗin nake so ba, Allah ya sani. Shi ne bai huta ba. Ranar da zai cika ya riƙe hannuna yana cewa ban biya ki ba, ban biya ki ba, da wannan maganar ya tafi a baki. Talatar farko na ɗauki sandar don in ajiye ta a bayan ƙofa, sai na ji ɗaya bakin ya ɗagu. To in bar shi tsaye a ɗaki?"

Na yi mata bayanin da ya kamata a ce an yi mata tun ranar farko, kuma shi nake so ku riƙe. Mutuwa tana tsayar da biyan wata-wata, wannan gaskiya ne, daga ranar da rai ya fita babu sabon kuɗi. Amma abin da ya riga ya taru kafin ranar haƙƙinsa ne, ya zama dukiyar mamaci kamar gona ko akuya. Ba ya komawa ko'ina. Abin da ake buƙata shi ne takardar shaidar mutuwa, da wasiƙar Bulama, da takardar kotu mai nuna magada. Ofis ya tura kuɗin kotu, kotu ta fitar da bashi tukuna, sannan ta raba saura. Ta sa na maimaita mata har sau biyu, kamar ba ta yarda da kunnenta ba.

Da na kai wa Alhaji Grema maganar sai ya tashi tsaye. Lokacin ana ta farautar masu karɓar kuɗi da sunan matattu, shi kuwa mutum ne mai tsoron inuwarsa. Ya ce a rubuta rahoto a kai ta gaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ta karɓa? A ina ta sa hannu? Tambaya kawai take zuwa yi, tambayar da muka kasa amsa wa mijinta yana raye."

Ya zauna. Ya ce in tafi da fayil ɗin, kada ya sake jin maganar sai an gama. Abin takaici, wanda har yau yake min ciwo, fayil ɗin da ya yi shekaru yana rarrafe mai shi na numfashi, da aka manna masa takardar mutuwa sai ya tashi da gudu. Akwai umarnin a share na matattu daga jeri da wuri, shi ya sa. Ni kuwa daga ranar na daina ɗaga murya daga taga. Tana ci gaba da zuwa duk Talata da sandarta don bin takardu, idan ta tsaya gabana sai in ji shirun bencin nan ya yi min nauyi a ƙeya, in yi ta rubutu ba na ɗaga kai.

Da labarin kuɗi ya bazu sai ga ƙanin mamacin, wani Mala mai sayar da bandar kifi. Duk shekarun nan ban taɓa ganin ƙeyarsa a ofis ba, amma ranar kotu ya riga kowa zuwa, da babbar riga. Ba Kyari bai bar ɗa ba, don haka a rabon gado kashi ɗaya cikin huɗu ne na Ya Fanna, sauran na Mala. Idan kuwa bashin zinare ya tabbata, da farashin zinari na yau, zai haɗiye kusan duka ariyas ɗin. Mala ya ce shi bai san da wani bashi ba, mace ta yi jinyar mijinta ai lada ta nema.

Ni ne shaidarta, ni kaɗai. Na faɗi cewa mamacin ya yi iƙirarin bashin a gabana sau da yawa. Alƙali, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa sun isa a maganar dukiya. Amma wanda ke bin mamaci bashi, tunda mamaci ba ya nan balle ya kare kansa, dole ya rantse cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba. Aka kawo Alƙur'ani.

Ya Fanna ta mayar da hannunta cikin mayafi. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ba zan iya ba. Na yafe masa. Na yafe ya fi a ƙirga."

Mala ya gyara zama. Na ga alƙali ya ɗauki biro, na ga kafaɗun matar nan sun sauka, na san abin da take tunani. Ba kuɗin ba ne. Idan bashin ya faɗi a kotu, ba za a taɓa biyansa ba ke nan, kuma Talata mai zuwa za ta sake ɗaukar sanda. Na miƙe na nemi izini, na ce ina da ƙarin magana. Na gaya wa alƙali abin da nake yi wa dariya a taga: duk sanda ta ce ta yafe, yakan buga sanda ya ce bai karɓa ba, kuma ya sa ni shaida da bakinsa.

Alƙali ya ajiye biron. Ya tambaye ta ko akwai ranar da ya taɓa karɓa, ko sau ɗaya, ko cikin ciwon ajali. Ta ce babu. Sai ya ce yafe bashi kyauta ce, kyauta kuwa ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa. Mutumin da ya mayar da kyauta har ya mutu, bashinsa na nan daram. Ya gyara mata lafazin rantsuwar daidai da gaskiyarta, cewa ba a biya ta ba, kuma ya ƙi yafiyarta har ya cika. Ta yi alwala ta rantse. Mala ya karɓi ɗan abin da ya rage yana ƙunƙuni, ya fita ko sallama babu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan 'yan makonni, da azahar ta kusa, layi ya yi tsawo, sai na ɗaga kai na gan ta a taga. Ta kwance bakin mayafinta ta fitar da wani ɗan ƙullin ƙyalle, ta turo min ta ƙarƙashin ƙarfen taga. Na buɗe, zinari ne. Ashe da kotu ta ba ta kuɗin ba ta taɓa ko naira ba, wurin maƙera ta wuce ta sayi irin wanda ta sayar, adadinsa ɗaya.

Ta ce, "Kotu ce ta ba ni, ba shi ba. Kai ya sa shaida. Ka miƙo min, ka ce daga hannunsa."

Babu wannan a cikin dokar aiki, kuma mutane na kallo. Na miƙe tsaye, na ɗaure ƙullin. Na ce, "Ya Fanna, ga sadakinki. Ba Kyari ya biya."

Ta karɓa da hannu biyu. Ba ni ta kalla ba, ta ɗan juya ta kafaɗarta ta dama, ta ce a hankali, "Na karɓa, Kyari." Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta kama sunansa ba sai ranar. Ta tsaya haka kamar mai sauraro, ni ma na tsaya, layin ma ya tsaya. Babu abin da ya motsa, ko ganyen darbejiya.

Sannan ta juyo ta dube ni, fuskarta ta canza gaba ɗaya, ta zama ta tsohuwa mai gajiya. Ta ce, "Malam, yanzu ka yi min gaisuwa. Ya tafi."

Ta zame ta zauna a ƙasan baranda ta fashe da kuka, irin kukan da ake yi ranar da aka fitar da gawa daga gida. Matan da ke layi suka kewaye ta suna ba ta haƙuri, wasunsu ba su ma san wa ya mutu ba. Na zagayo daga bayan taga na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ni ma hawaye na zuba, ban ji kunya ba. Ishaku ya tare mata keke ya biya, ta tafi. Ba ta sake zuwa ofishinmu ba.

To ga abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku gaji tagar nan. Idan aka kawo muku labarin mutuwa, kada hannunku ya yi saurin kai wa jan biron soke suna. Ku fara gaya wa iyalin, da bakinku, da yaren da suke ji, cewa abin da ya taru nasu ne, domin a unguwa an riga an gaya musu akasin haka kuma sun yarda. Sannan ku sani duk wanda ya tsaya gabanku yana tambayar ko ya fito, ya riga ya yi wa wani alkawari da kuɗin nan, ku dai ba ku san wa ba. Jinkirinmu ba a kan takarda yake tsayawa ba. Mun riƙe haƙƙin Ba Kyari har ya mutu da rantsuwarsa a baki, matarsa kuma ba ta samu damar yi masa kuka ba sai da muka biya.